Babi na Bakwai: Kada Gani Ya Kori Ji

A Kano da Kaduna da Jos akwai dattawan da suke jin Indiyanci daidai gwargwado, alhali ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba, ba su kuma taɓa durƙusawa gaban malami don koyon harshen ba. Gidan silima ne makarantarsu. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara shigo da fina-finan Indiya Arewa, aka shafe shekara da shekaru samari suna dafifi a Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado. Fim ɗaya sai mutum ya kalle shi sau biyar, sau goma, har ya san abin da jarumi zai ce wa bos kafin ya buɗe baki. Maimaicin nan shi ne ya dasa musu harshen a kunne. Sai dai a kunnen ya tsaya: ka miƙa wa ɗayansu jaridar Indiyanci, ko baƙi ɗaya ba zai iya fitarwa ba.

Mai koyon Japananci a yau ya sami abin da waɗancan dattawa ba su samu ba. Yana iya tsayar da fim, ya tariyo baya, ya rage saurin magana, ya kuma jera rubutu iri biyu a ƙasan allo lokaci guda: layin sama da Japananci, ɗauke da abin da bakin ɗan wasa ya furta, layin ƙasa da Turanci ko Faransanci ko Larabci, ɗauke da ma'ana. Duk wanda ya kalli tsofaffin fina-finan Chanis na Hong Kong ya san siffar abin, don da yawansu suna zuwa da rubutun Sinanci da na Turanci, ɗaya bisa ɗaya. Layukan nan biyu makaranta ce ga wanda ya iya sarrafa su. Wanda bai iya ba kuwa, za su ci masa shekaru yana zaton karatu yake yi.

Nauyin kayan

Gara a san nauyin kaya kafin a sunkuya. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, da awa 1,100 kafin ya iya Hausa ko Indiyanci. Japananci kuwa awa 2,200 ta ware masa, a sahu ɗaya da Larabci da Sinanci da Koriyanci. Ko da a ce awar kallo daidai take da awar aji, wanda ke kallon fim mai awa biyu kullum ba fashi sai ya shekara uku kafin ya cike wannan lissafi.

Babban abin da ya ƙara wa kayan nauyi shi ne rubutu. Japanawa suna cakuɗa rubutu iri uku a jimla ɗaya. Akwai hiragana mai alamomi 46, kowace alama gaɓa ce guda, kamar ka, ki, ku, ke, ko. Akwai katakana, ita ma 46, wadda ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita. Sai kuma kanji, alamomin da aka aro daga Sin, kowace da ma'anarta. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 na kanjin amfanin yau da kullum ya ƙunshi guda 2,136, kuma yaro yana koyon 1,026 daga ciki a shekaru shida na firamare. Ba sa barin fili tsakanin kalma da kalma. Sannan kanji ɗaya yana iya samun karatu biyu ko fiye, gwargwadon inda ya faɗo.

Hayao Miyazaki ya nuna wannan ƙarara a fim ɗinsa na 2001, Sen to Chihiro no Kamikakushi, wanda aka sani a Turance da suna Spirited Away, ya kuma ci kyautar Oscar a 2003. Yarinyar fim ɗin, Chihiro, ta sa hannu a takardar neman aiki. Tsohuwar da ke da gidan wankan ta ɗora tafinta bisa takardar, sai alamomin sunan suka ɓamɓaro suka tashi sama, aka bar guda ɗaya tak: 千. A cikin sunan yarinyar ana karanta alamar nan "chi". Da ta tsaya ita kaɗai sai ta koma "sen", wato dubu. Daga nan aka riƙa kiran yarinyar Sen. Mai bin layin fassara kawai zai ga an sauya mata suna. Mai bin layin Japananci zai ga yadda aka yi.

A nan ne fim ya fi littafi. A littafi kana ganin kanji amma ba ka jin furucinsa, sai ka nemo a ƙamus. A rediyo kana jin furuci amma ba ka san inda kalma ta ƙare wata ta fara ba. A fim mai layin Japananci, ido yana ganin alama a daidai lokacin da kunne ke jin karatunta, fuskar mai magana kuma tana gaya maka ko fushi ne ko roƙo.

Inda ido yake gudu

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a wajen mai koyon harshe da fim maganar takan tabbata ta hanyar da ba a so. Masanin halayyar ɗan Adam Géry d'Ydewalle da abokan aikinsa a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun daɗe suna bin motsin idon masu kallo da na'ura, suka gano cewa muddin rubutu ya fito a ƙasan allo, ido zai je kansa, ko da mai kallo yana jin harshen da ake magana da shi. To idan rubutun biyu ne, ɗaya da harshen da ka iya, ɗaya da wanda kake fama da shi, ba sai an gaya maka inda idon zai nufa ba. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda Andi Wang da Ana Pellicer-Sánchez suka yi a kan Sinawa masu koyon Turanci, ya nuna haka: masu kallo da layi biyu sun fi daɗewa a kan fassarar harshensu. Sun fi gane ma'anar sababbin kalmomi, amma waɗanda suka kalla da layin Turanci kaɗai sun fi su riƙe siffar kalmomin.

Kafin wannan, a 2009, Holger Mitterer da James McQueen sun nuna wa 'yan ƙasar Holan masu jin Turanci wasu shirye-shirye da ake magana da karin harshen Sikotilan ko na Ostireliya, masu wuyar ji ga baƙo. Wasu an sa musu rubutun Turanci, wasu na harshensu. Da aka gwada su daga baya, waɗanda suka kalla da rubutun Turanci kunnensu ya fi sabawa da karin, har a kalmomin da ba su fito a shirin ba. Rubutun harshen gida kuwa ya rage wannan sabon.

Darasin a fili yake. Layin sama yana horar da kunne. Layin ƙasa yana ba da ma'ana nan take, amma yana ɗauke wa kunne aikin da ya kamata ya yi. Sabon ɗalibi ba zai iya yi ba tare da shi ba, domin maganar da ba ka gane komai a cikinta ba hayaniya ce kawai. Masanin koyon harshe Stephen Krashen ya yi suna tun farkon shekarun 1980 da ra'ayin cewa harshe yana shiga ne ta hanyar maganar da ake fahimta, wadda ta ɗara matsayin mai koyo kaɗan. Aikin layin ƙasa ke nan: ya mai da hayaniya ta zama abin fahimta. Da zarar ya yi wannan aiki a kan wata fitowa, a kashe shi.

Abin da fassara ke ɓoyewa

Mai fassarar fim ba malamin harshe ba ne. Aikinsa shi ne mai kallo ya bi labari ba tare da gajiya ba, kuma hannunsa a ɗaure yake. A ƙa'idar Netflix layin Turanci ba ya wuce baƙaƙe 42, kuma ba a jera fiye da layi biyu. Saboda haka yana datsewa, yana dunƙulewa, wani lokacin ma ya sauya zancen gaba ɗaya don ya zauna daidai a kunnen Bature. Lokacin da kamfanin Criterion ya fitar da faifan Kumonosu-jo, fim ɗin Akira Kurosawa na 1957 da Turawa ke kira Throne of Blood, fassarar Turanci biyu ya sa a ciki, ta Donald Richie da ta Linda Hoaglund, mai kallo ya zaɓa. Dukkansu gwanaye ne, kuma sun saɓa a wurare da yawa. Wanda ya san haka ba zai ɗauki layin ƙasa a matsayin ƙamus ba.

Abu na farko da fassara ke birkitawa shi ne jerin kalmomi. A Japananci aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, korewa kuma a wutsiyar aikatau take. Ɗauki wannan jimla: Ashita Tanaka-san to eki e ikimasen. In aka bi ta kalma da kalma, ga yadda take: gobe, Tanaka, tare da, tasha, zuwa, ba za a je ba. Idonka zai karanta "ba zan je" a farkon layin fassara, alhali mai maganar bai kai wurin ba tukuna. Sai a gaɓoɓin ƙarshe, "masen", za ka ji ashe ba zuwa za a yi ba. Duba kuma, babu kalmar "ni" a jimlar ko kaɗan. Japanawa sukan yar da mai aikatawa in dai an san shi, sai mai fassara ya cusa "ni" da "kai" da "ita" daga aljihunsa.

In kuma suka ambaci kansu, kalmar da suka zaɓa tana faɗin ko su wane ne. A fim ɗin Makoto Shinkai na 2016, Kimi no Na wa, wata yarinyar ƙauye ta farka a jikin wani saurayi ɗan Tokyo. Tana zaune da abokansa a rufin makaranta lokacin cin abincin rana, ta ce "watashi", suka dube ta. Ta gyara ta ce "watakushi", abin ya ƙara muni. Ta ce "boku", ba su gamsu ba. Sai da ta ce "ore" suka gyaɗa kai. Duka huɗun "ni" suke nufi: na farko na ladabi ne, kuma a hirar abokai an fi jin sa a bakin mata; na biyu na gaban manya ne ƙwarai; na uku na yaro ko namiji mai sanyin hali; na huɗu na samari tsakaninsu. Turanci kalma ɗaya ce gare shi a nan, dole mai fassara ya yi 'yan dabaru. Layin sama ne kaɗai zai nuna maka abin da ya ba da dariya.

Haka nan 'yan ƙananan kalmomin da mai sauraro ke jefawa don nuna yana biye, waɗanda Japanawa ke kira aizuchi: hai, ee, un, so desu ne. Mai fassara yakan watsar da su don ba su da wuri a allo, amma a hirar Japanawa wanda bai yi su ba kamar ya juya wa mai magana baya ne.

Ribar Bahaushe

Akwai wuraren da mai jin Hausa ya fi Bature kusa da Japananci, kuma asara ce ya bi ta layin Turanci har ya manta da wannan.

Fara da sauti. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka ce, kamar yadda garin da ake zaune a ciki ya bambanta da garin tuwo. Suna ninka baƙi: kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa, kamar baba da babba. Suna kuma da hawa da saukar murya: a karin Tokyo, ame da aka fara da sama aka sauko ruwan sama ne, wanda aka fara da ƙasa aka hau kuwa alewa ce, kamar kukan yaro da kukar miya. Bature yakan sha wuya kafin kunnensa ya kama waɗannan. Kai an haife ka da su. Wuri ɗaya da za ka kula shi ne "tsu": nasu ba shi da ƙarfin maƙogwaro irin na tsuntsu da tsintsiya, a sake yake fita.

Sai gaisuwa. Mai fita daga gida yana cewa ittekimasu, a amsa masa da itterasshai. Wanda ya dawo yana cewa tadaima, a ce masa okaeri. Abokan aiki suna rabuwa da otsukaresama. Layin Turanci yakan yi ta kame-kame a kan waɗannan, wani lokacin ya bar wurin fayau. Mu kuwa muna da su a shirye: sai na dawo, a dawo lafiya, na dawo, sannu da zuwa, sannu da aiki. A Tonari no Totoro na 1988, ƙaramar yarinya Mei, 'yar shekara huɗu, tana bin yayarta Satsuki a guje tana kiran "Oneechan!" Ba ta kama sunanta. Mai fassara yakan rubuta sunan don Bature ya gane, amma Bahaushe da ya ji ya san abin da ta ce: Yaya.

Girmamawa ma haka. Mu mukan ce wa babba "ku", mu ƙara da ranka ya daɗe. Su kuwa aikatau ɗin kansa suke sauyawa. Cin abinci taberu ne. In babba ne zai ci sai a ce meshiagaru. In kai ne za ka ci a gabansa sai ka ƙasƙantar da kai ka ce itadaku. Kalli Tokyo Monogatari na Yasujiro Ozu, na 1953. Tsoho da matarsa sun taso daga garin Onomichi don ziyarar 'ya'yansu a Tokyo. 'Ya'yan cikinsu aiki ya sha musu kai, suna yi musu magana a gaggauce. Noriko kuwa, matar ɗansu da yaƙi ya ci, ita ta nemi hutun yini guda a wurin aiki ta zaga da su gari, kuma duk jimlar da za ta yi musu a lulluɓe take da ladabi. Rabin labarin fim ɗin yana cikin wannan bambancin harshe, wanda layin Turanci ba ya iya ɗaukowa duka.

Saboda haka ka riƙa ƙara layi na uku a zuciyarka. Duk jimlar da ka tsaya a kanta, tambayi kanka: da a gidanmu ne, yaya za a faɗi wannan? Sau da yawa amsar Hausa za ta fi ta allon kusa da nufin mai magana.

Wane fim?

Zuciyar saurayi takan tafi ga fina-finan takobi. Shichinin no Samurai na Kurosawa, na 1954, gagarumin aiki ne mai tsawon minti 207, kuma ya cancanci a kalle shi. Amma ba wurin fara koyon harshe ba ne: labarin ƙarni na 16 ne, sautin tsoho ne, ihu da gurnani sun yi yawa. Haka fina-finan 'yan daba da zane-zanen faɗa da matasa ke so. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya fitar da littafi a 2003 a kan abin da ya kira yakuwarigo, wato harshen da marubuta ke liƙa wa kowane irin ɗan wasa don a gane shi nan take: tsohon masani da nasa salon, 'yar masu kuɗi da nata, mayaƙi da nasa. Ba haka mutane suke magana a titi ba. Wanda ya haddace "temee" da "kisama" daga bakin jarumin zane, ya je ya faɗa wa malaminsa a jami'a, zagi ya yi.

Nemi fim ɗin da ake zaune a gida, ana girki, ana gaisawa, ana aiken yara. Fina-finan Studio Ghibli, kamfanin da aka kafa a 1985, suna da kyau ga mafari domin an ɗauki muryoyin a ɗakin naɗar sauti, kowace gaɓa tana fita tas. Totoro minti 86 ne kacal, kuma yawancin maganarsa ta yara ce da mahaifinsu. Majo no Takkyubin na 1989 cike yake da harshen ciniki da gaishe da abokan hulɗa. Mimi o Sumaseba na 1995 harshen 'yan makaranta ne. In ƙafa ta yi ƙarfi sai a matsa zuwa ga Hirokazu Kore-eda, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 2018. Aruitemo Aruitemo na 2008 da Umimachi Diary na 2015 hirar cikin gida ce ta zamani, da haɗiye gaɓoɓi da katse juna kamar yadda mutane ke yi da gaske.

A kula da karin harshe. Tsofaffin Tokyo Monogatari da karin yankin Hiroshima suke magana, yaran Hotaru no Haka na 1988 kuma da na yankin Kansai. A kuma kula da tarbiyya, don ba kowane zane aka yi domin yara ba. Hukumar tace fina-finai ta Japan, Eirin, tana da matakai huɗu: G na kowa da kowa, sai PG12, da R15+, da R18+. Uba ya duba kafin ya zauna da iyalinsa.

Zama da fitowa ɗaya

Kafin komai, a koyi hiragana da katakana. Mako biyu ko uku na naci sun isa, kuma in babu su layin sama ado ne kawai. A guji dogaro da Japanancin da aka rubuta da baƙaƙen boko, don ba za ka same shi a jarida ko takardar aiki ba. A haɗa da littafin nahawu na mafari, irin su Genki ko Minna no Nihongo, ko Irodori wanda Gidauniyar Japan ta sa a intanet kyauta.

Tsarin da ya biyo baya ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Malam yana karanta Larabcin Ahalari ko Ishmawi gaɓa-gaɓa yana fassarawa, ɗalibi yana biye da yatsa a kan layi. Ba a ba shi shafi goma a zama ɗaya. Yana tashi sai ya koma gefe ya maimaita, gobe kuma ya kawo karatun da bakinsa kafin a ƙara masa. Burin malamin shi ne ranar da ɗalibi zai buɗe littafi ba mai fassara masa.

Da farko ka kalli fim ɗin gaba ɗaya da fassara, don jin daɗi da sanin labari. Ka tabbata muryar asali ce ta Japananci ka kunna, don fim ɗin da aka ɗora wa muryar wani harshe ba shi da abin da zai ba kunnenka. Daga nan ka zaɓi fitowa ɗaya mai minti biyu zuwa uku, wadda mutum biyu ke hira a natse.

Zagaye na farko, kashe rubutu duka, ka saurara da abin sawa a kunne. Ƙila kalma uku ko huɗu za ka tsinta. Ba laifi, kunne ya san inda ramukan suke.

Zagaye na biyu, kunna layi biyu, ka riƙa tsayarwa a ƙarshen kowace jimla. Karanta layin sama tukuna, ka yi hasashen ma'ana, sannan ka leƙa na ƙasa. Nemo wace kalma ce ta ɗauki wace ma'ana, me aka yar, me aka ƙara. Wannan zagayen shi ne mai cin lokaci: minti uku na fim suna iya cin rabin awa.

Zagaye na uku, kashe fassara, ka bar layin Japananci kaɗai, ka bar fim ya tafi da saurinsa.

Zagaye na huɗu, kashe duka, ka riƙa bin bakin ɗan wasa da naka bakin, kana kwaikwayon hawa da saukar muryarsa da inda yake numfasawa. Ɗaga murya, karatun zuci ba ya horar da harshe.

A ƙarshe ka kwafi jimloli biyar zuwa goma a littafinka, waɗanda abu ɗaya ne kawai sabo a cikin kowace. Jimla ake kwafa, ba kalma tsirara ba, domin jimlar ce ke riƙe da ƙananan kalmomin Japananci irin su "wa" da "ga" da "o" da "ni", masu nuna wa ya yi wa wa me. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Don haka ka waiwayi jimlolin gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, wannan lissafin take yi wa mutum, amma littafi da biro ma sun wadatar.

Kayan aiki

A kwamfuta, Language Reactor ƙari ne da ake liƙa wa Chrome, yana jera layi biyu a Netflix da YouTube, yana kuma tsayar da fim da kansa bayan kowace jimla in ka so. Yomitan yana buɗe ma'anar kalma da karatunta da zarar ka ɗora linzami a kanta. Manhajojin kallo irin su mpv da PotPlayer suna karɓar fayil ɗin rubutu biyu a tare. A 2020 Netflix ya sami izinin nuna fina-finan Ghibli 21 a mafi yawan ƙasashen duniya, amma harsunan rubutun da ake samu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a duba kafin a biya kuɗi.

Layin Japananci mafi inganci shi ne wanda aka yi domin kurame, don yana bin maganar kusan kalma da kalma, har yana nuna wanda ke magana. Wanda na'ura ke rubutawa da kanta yakan sa kanjin da ba shi ba, musamman a sunayen mutane. Kada kuma a ɗauki fim ɗin Amurka mai rubutun Japananci a zaci daidai ne: masu fassara a Japan suna bin tsohuwar ƙa'idar alama huɗu a kowace daƙiƙa, rubutun a matse yake, kunne kuma Turanci yake ji.

Wannan tsari ya dace da halinmu na tsadar data da ƙarancin wuta. Fitowa ɗaya da aka sauke a waya ta isa aikin kwana biyu ko uku, sautinta kuma ana iya sauraronsa a mota ko a shago.

Iyakar fim

Fim ba ya amsa maka, ba ya kuma gyara maka kuskure. Ba zai koya wa hannunka rubuta kanji ba. Stuart Webb da Michael Rodgers sun lissafa kalmomin fina-finan Turanci 318 a 2009, suka ga sai mutum ya san tushen kalmomi kusan 3,000 kafin ya gane kashi 95 cikin 100 na abin da ake faɗa, kusan 6,000 kafin ya kai kashi 98. Lissafin na Turanci ne, amma ya isa ya nuna cewa dubban kalmomi ake magana, kuma ba a tara su da kallo kaɗai. Dole a haɗa da karatu, da malami ko abokin hira, ko da ta waya ne.

Wahalar tana da sakamako. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, wadda aka fara a 1984, tana da matakai biyar daga N5 zuwa N1, kuma kowane mataki yana da sashen sauraro, inda mai horarren kunne yake cin riba. Bizar ma'aikata masu sana'a da Japan ta buɗe a Afrilun 2019 tana neman matakin N4 ko makamancinsa. Gwamnatin Japan kuma tana ba da tallafin karatu na MEXT ta ofisoshin jakadancinta, har da na Abuja. Ƙidayar Gidauniyar Japan ta 2021 ta sami masu koyon harshen kusan miliyan 3.8 a wajen ƙasar. Babu abin da ya hana ɗan Katsina ko 'yar Damagaram shiga cikinsu.

Mai karatu, kada ka auna ci gabanka da yawan fina-finan da ka gama. Auna shi da abin da kake ji in an kashe rubutu duka. Zaɓi fitowarka ta minti uku yau, ka bi ta zagaye huɗun nan, ka rubuta jimlolinka biyar. Bayan mako guda ka sake kunna ta ba rubutu. In ka ji abin da ba ka ji ba a ranar farko, ka ɗauki fitowa ta gaba.